Kafar da Hamdiya Ta Toshe

Duk unguwar bayan kasuwar Cadakori an san Hamdiya da abu ɗaya: ba ta jira a yi mata. In igiyar guga ta tsinke, kafin a ce a nemo mai tufka ta zauna ta tufka wata. In katanga ta zube, maza suna nan suna shawarar wa za a kira, ita ta riga ta kwaɓa ƙasa. Mijinta Nomau yana can Agadas yana neman abin rufin asiri, sai gab da shuka yake leƙowa, bana ma waya ya bugo ya ce a yi haƙuri ba zai samu zuwa ba. Saboda haka gidan su uku ne: ita, da uwar mijinta tsohuwa Kyauta, da 'yarta Latifa, wadda ko shekara ba ta cika da shiga lakol, wato makarantar boko, ba.

Latifa 'yar fari ce, don haka Hamdiya ba ta taɓa buɗe baki ta kira sunanta ba. Daga "ke" sai "yarinyar nan". A gaban mutane ko kallonta ba ta cika yi ba. Amma kada wannan kunya ta ruɗe ka. Bayan Latifa sau biyu Hamdiya tana haihuwa ana binnewa, kuma tun daga nan shiru. In yarinyar ta yi tari a tsakar gida, uwar ba ta ƙara samun sukuni a ɗaka. Kyauta ce mai nuna so a fili. Ita ke yi mata kitso, a tabarmarta yarinyar take kwana, kuma tsohuwar ba ta kiranta da komai sai "ƙawata".

To, a gidan nan akwai madafa, ɗakin ƙasa ne da ya girmi Nomau. Cikinsa baƙi ƙirin, kunkunniya na reto daga azara, wani lokaci ta yanko ta faɗa cikin miya. Murhun duwatsu uku ne, ƙofar kuwa tsohuwar tufaniya ce da awaki suka gama raina ta. A saman bango, daidai bisa murhu, akwai wata kafa mai faɗin bakin ƙwarya. Ta nan feshin ruwa ke shigowa da damina, ta nan magen maƙwabta ke dirowa ta buɗe tukunya. Hamdiya ta daɗe tana jin haushin ɗakin nan, amma abin bai kai mata iya wuya ba sai da ta je suna garin Gidan Rumji, gidan ƙawarta Sakina. Can ta ga madafa fara tas, ƙasa da siminti, ƙofar kwano, murhun gawayi na ƙarfe, ba hayaƙi ba hawaye. Ta dawo a motar kasuwa. Washegari da sassafe ta fara fitar da tukwane tsakar gida.

Wallahi ta yi aiki, wannan ba mai ƙwace mata. Ta ɗaure kanta da tsohon zane ta kankare kunkunniya da fartanya, har ta fito ba a gane ta sai da haƙora. Latifa ta yi ta dariya tana ɓuya bayan kakarta. Ta kwaɓa ƙasa da ƙaiƙayi ta cike duk tsagar da ke bango. Ta kwashe duwatsun murhu, ta zuba tsakuwa, ta yi ta bugu da madaɓi har tafin hannunta ya yi kanta. Siminti ɗan kaɗan ta samu, ta shafe ƙasa da shi da tsohon faranti, ta bi bango da farar ƙasa. Mai walda ya haɗa mata ƙofar kwano mai sakata ta waje, ita da kanta ta kafa ta, ta liƙe gefe da gefe yadda ko kiyashi sai ya yi da gaske. Ɗan sarari ne kawai ya rage a ƙasan ƙofar, wanda yatsu za su iya shiga.

Saura kafar nan ta sama. Hamdiya ta kifa turmi ta hau, tubali a hannu, sai ta ji muryar Kyauta daga bakin ƙofa.

"Wannan ki bar ta."

"Don mi, Inna?"

"Haka na iske ta. Ranar da aka kawo ni gidan nan uwar mijina ta nuna mini ita, ta ce komi za ki taɓa ki taɓa, ban da wannan. Hanyar masu gida ce."

"Waɗanne masu gida?"

Tsohuwar ta rage murya. "Waɗanda ba a gani. Ɗakin wuta ba namu ba ne mu kaɗai, ɗiyata. In an hura wuta suna tashi, ta nan suke hita. In suka rasa hanya, kan mutane suke komawa."

Hamdiya takan je islamiyyar matan aure duk yamma, kuma abin da ta fi tsana a duniya shi ne a ce gidansu akwai sauran al'adun da. Ta yi a'uziyya a fili. "Inna, wannan ai shirka ce. Kafar hayaƙi ce kawai, mutanen da can ne suka ƙara mata gishiri. Ni kuwa na bar itace. Gawayi ba ya hayaƙi, to mi za a yi da kafar hayaƙi?"

Kyauta ba ta iya gardama da mai karatu ba. Ta tsaya dai tana kallo har tubalin ya shige, Hamdiya ta bi shi da laka, ta kankaro ragowar simintin da ke gindin bokiti ta shafa sama-sama, ta rufe da farar ƙasa. Sai ka rantse ba a taɓa yin kafa a wurin ba. Tsohuwar ta daɗe idonta na kan wannan wuri kafin ta juya.

Matan unguwa suka yi ta zuwa kallo. Wannan ta shafa bango, waccan ta buɗe ƙofa ta rufe don ta ji ƙarar sakata. Hamdiya ta jera tukwane bisa kantar ajiye kaya, ta ajiye turmi a lungu da taɓarya jingine, tana ta cewa ai ba wani abu ba ne, alhali kanta ya kusa fin ƙofar girma.

Ruwan farko ya sauka da iska, daga nan Hamdiya ta saba da girki ƙofa a rufe. Ba feshi, ba akuya, ba toka a ido. Latifa in ta dawo daga lakol ita ke tsugunawa gaban murhu da mafici tana fifita gawayi, fuskarta dab da garwashi. Ba a jima ba Hamdiya ta fara fitowa daga girki da ciwon kai, irin mai sara a goshi. Ta ce gajiyar aikin da ta sha ce. Amma yarinyar ma ta fara cewa kanta na ciwo, ta ƙi tuwo, wata rana ta yi amai a bakin rariya. Abin mamaki, in ta zauna a waje ta sha iska sai ta warware, kafin la'asar tana tsalle da 'yan uwanta yara.

Sai maganar kaza. Akwai wata wake-wake mai 'yan tsaki da ta shige madafa gudun ruwa ta laɓe bayan turmi, ba wanda ya lura. Hamdiya ta sauke tukunya, ta bar sauran garwashi a murhu, ta ja ƙofa ta sa sakata. Da ta dawo ɗora sanwar yamma, ga kaza a miƙe, ga 'yan tsakin zube kewaye da ita. Ba jini, ba cizo, ko gashi ɗaya bai tashi ba. Hamdiya ta tsaya riƙe da ƙofa tana kallonsu. Ta kwashe su a kwando ta kai bayan gari a ɓoye, amma da ta dawo ta tarar da Kyauta zaune tana kallonta, ta san tsohuwar ta ƙirga kajinta.

Ranar da abin ya fito fili, hadari ne ya haɗo da hantsi. Suna ciki su biyu, ƙofa a rufe, wake na kan wuta. Hamdiya na tsince shinkafa sai ta ji mafici ya daina motsi.

"Ke, fifita mana."

Shiru. Ta waiga. Latifa ta jingina da bango, idanu rabi a buɗe, baki a sake.

"Umma, ɗakin yana juyawa," in ji ta, can ƙasa-ƙasa. "Wani abu ya danne mini ƙirji."

Ta sulale ta kwanta. Hamdiya ta miƙe za ta ɗauke ta, ita ma jiri ya ɗebe ta, sai da ta dafa bango. Yadda ta fito da yarinyar cikin ruwan sama ita kanta ba ta sani ba. Kyauta ta karɓe ta tana tofa mata addu'a tana shafa mata ruwa, can sai yarinyar ta yi ajiyar zuciya ta buɗe ido ta fashe da kuka.

Tsoro ya shiga Hamdiya, tsoro na gaske. Latifa kaɗai gare ta. In wannan ta tafi, shi ke nan, ba ta da kowa a duniya da zai kira ta Umma. Kuma yanzu ta yarda akwai wani abu a ɗakin nan, don ciwon da ke kama mutum a ɗaki ɗaya ya sake shi a tsakar gida, duk wadda ta ji sai ta ce ba na likita ba ne.

"Ki buɗe kafar," in ji Kyauta. Ba ta ɗaga murya ba. "Ki ba su hanyarsu, ɗiyata. Ba abin da za ki rasa."

Amma a ganin Hamdiya akwai abin da za ta rasa. In ta buɗe, ta durƙusa wa aljanu ke nan, ta yarda su ke da gida. Ga kuma matan da suka shafa bango, waɗanda za su ji cewa mai zuwa islamiyya ta fasa aikinta da hannunta don masu gida. Imani da girman kai suka cakuɗe mata har ba ta iya raba su. Ta ce, "Ba zan ba shaiɗan hanya a gidana ba, Inna. Korar shi zan yi."

Ranar kasuwa ta nufi wajen wani mai magani da ke baza kaya kusa da 'yan gishiri, baƙo ne mai bin kasuwanni da lasifika. Abin da ya ja ta wurinsa, ba ya maganar bori ko yanka, ayoyi yake ja. Ya saurare ta yana gyaɗa kai kamar ya san ƙarshen labarin. Ya ƙulla mata wani garin turare a leda, ya karanto mata ƙa'ida.

"Ki cika murhu da gawayi, ya yi ja sosai. Ki barbaɗa wannan. Ki sa yarinyar ciki, don aljanin ya riga ya taɓa ta, tare za a yi musu ita da ɗakin. Ki toshe ko'ina, ko zaren hayaƙi kada ya fita. Kada ki bar ruwa a ɗakin, suna ɓuya cikin ruwa. Sannan ki saurare ni da kyau, malama, nan ne mata ke ɓata aiki. Za ta yi kuka. Za ta roƙe ki ki buɗe. Ba ita ba ce, shi ne. Yana aron muryar kowa, har muryar wanda kike jin nauyi. In kika buɗe kafin a yi shiru, ya zauna a jikinta har abada. Sai kin ji tsit, sannan ya fita."

Hamdiya ta riƙe maganar nan kamar karatun allo.

Bayan azahar ta hura gawayi, ta cika murhun har ya yi tozo. Ta fitar da tulu. Ta nemo tsohon tsumma don ƙasan ƙofa. Latifa na ganin an nufi madafa da ita ta ƙanƙame zanen kakarta tana girgiza kai.

Kyauta ta dubi jikarta, ta dubi surukarta. Ta ga idon Hamdiya, ta san magana ba za ta yi ba. Sai ta yunƙura ta tashi, gwiwoyinta na ƙara.

"Ƙawata ba ta shiga ita kaɗai."

"Inna, bai ce da ke ba."

"Bai kuma ce ban da ni ba. Mu tahi, ƙawata. In ƙamshi ne mu sha tare, mu hito muna ƙamshi kamar amare."

Yarinyar ta ɗan yi murmushi cikin hawaye. Suka shiga. Hamdiya ta barbaɗa turaren, hayaƙi fari ya turnuƙe, ta ja ƙofa, ta tura sakata, ta cusa tsumma a ƙasan ƙofa daga wannan gefe har wancan. Ta jingina bayanta da kwanon ta fara karanta duk abin da ta haddace.

Da farko tari ne, na tsohuwa da na yarinya. Sannan ta ji Kyauta na yi wa jikarta hira, wai labarin wata akuya da ta ci kuɗin sadaki. Rana na dukan tsakar gida, wani mai tallan goro ya wuce ta bayan katanga. Hamdiya ta fara jin sanyi a ranta, ta ce ashe abin da sauƙi.

Sai kuka ya fara.

"Umma, kaina. Umma, ki buɗe."

Hamdiya ta runtse ido ta ƙara ƙarfin karatu. An faɗa mata. Ba ita ba ce.

"Umma, don Allah. Ba zan ƙara ƙin tuwo ba."

Hawaye suka zubo mata har cikin baki. Ta danna bayanta jikin ƙofa kamar ana turowa, alhali ba mai turowa. Kukan ya yi ta raguwa, ya koma kamar na ɗan mage. Sai wata murya ta zo daga dab da kwanon, a nitse.

"Hamdiya. Buɗe ƙofar nan. Yarinya ta saki."

Muryar Inna ce, ba ko tantama. Tunda aka kawo Hamdiya gidan nan ba ta taɓa jin wannan murya ta ce yi ta ƙi ba, sai a kan kafar nan. Hannunta ya tafi kan sakata da kansa. Sai maganar mai magani ta faɗo mata: har muryar wanda kike jin nauyi. Kai, la'ananne, ta ce a ranta, har da Inna za ka ara? Ta janye hannun ta matse shi a hammata.

"Ɗiyata, ni ce. Ni ce Kyauta. Buɗe."

Hamdiya ta ci gaba da karatunta.

Can sai ta ji wani abu na taɓa diddigenta. Ta duba ƙasa. Tsumman da ta cusa ne ke fitowa, a hankali, ana turo shi daga ciki. Wani siririn hayaƙi ya biyo bayansa. Aljanin ne, ta ce a ranta. Hanya yake nema. Ta sa babban yatsan ƙafarta ta mayar da tsumman, ta danna. Aka sake turo shi ta ɗaya gefen. Ta sake mayarwa. A karo na uku har ta hango kan yatsu, busassu, masu tsohon lalle a farce, suna lalube a kan siminti. Ta kawar da kai, ta tura tsumman da ƙarfi, ta taka shi da ƙafa ta tsaya a kai.

Sannan ta ji ana jan wani abu mai nauyi a lungu, sai kuma duka.

Dum. Dum.

Ba a ƙofa ba, can sama jikin bango. Duka ne irin na mai daka da ta gaji, a buga a huta, a buga a huta, kuma hutun na ƙara tsawo. Farar ƙasa ta fara zubowa ta waje. Hamdiya ta leƙa gefen ɗakin ba tare da ta ɗaga ƙafarta daga tsumman ba, ta ga simintin nan nata na sama-sama ya tsage. Aka ƙara bugu ɗaya, tubalin ya sulluɓo ya faɗo tsakar gida ya rabe biyu. Kan taɓarya ya leƙo ta kafar, ya tsaya, sannan ya zame ya koma. Ta ji faɗuwar taɓarya, ta ji faɗuwar wani abu da ya fi taɓarya nauyi.

Tsit.

Shirun da aka ce ta jira ke nan. Amma da ya zo, bai yi mata kama da waraka ba. Ta tsaya tana kallon tubalin da ke ƙasa, wani tunani ya shigo mata a hankali: aljanin da ke ratsa bango, mi zai yi da taɓarya? Kuma wa ya san daidai inda kafar take, bayan ita da ta toshe da wadda ta tsaya tana kallo?

"Inna?"

Ba amsa.

"Ke. Yarinyar nan."

Ba amsa. Sai bakinta ya buɗe da sunan da bai taɓa fita daga cikinsa ba. "Latifa. Latifa!"

Ta fizge sakata. Ƙofar ta buɗe, zafi ya buge ta a fuska. Latifa na kwance a bakin ƙofa, an kwantar da ita rub da ciki, an tallafe kanta da ɗankwalin kakarta, hancinta daidai saitin sararin da tsumma ya toshe. Can ciki, ƙarƙashin kafar, Kyauta ce a ƙasa, kai ba ɗankwali, furfura duk farar ƙasa, taɓarya a kan ƙafafunta. Garwashin na nan jajir, ko hayaƙi ya daina yi.

Ihun Hamdiya ne ya tara unguwa. Aka ɗora su biyun a amalanken jakin maƙwabci, aka nufi gidan likita da gudu, Hamdiya na bin su ba takalmi.

Majon likitar, wato babban ma'aikacin jinya na wurin, bai tsaya dogon tambaya ba. Ya ji gawayi, ya ji ɗaki a rufe, ya sa aka buɗe tagogi, suka duƙufa kan yarinyar da tsohuwar. Hamdiya ta durƙushe a baranda, maƙwabta mata na riƙe da ita. Da ya fito, ita ya nufa, ya tsuguna don ya yi mata magana a hankali.

"Yarinyar za ta tashi, in Allah ya so. Tsohuwar kuwa sai haƙuri, ta riga mu gidan gaskiya."

Matan suka ɗauki salati.

"Aljanin ne?" wata ta tambaya.

Majo ya girgiza kai. "Gawayin ne. Yana fitar da wata iska mai guba, ba a ganinta, ba ta wari. In ɗaki yana da mafita sai ta fice, ba a ma san da ita ba. In an rufe, ta taru, ta fara da ciwon kai da jiri, ta ƙare da abin da kuka gani. Duk madafar da kuka ga an bar mata kafa a sama, ba don ado ba ne." Ya dubi Hamdiya. "Wanda ya kai hancin yarinyar nan bakin ƙofa ya yi dabara. Da akwai ɗan sarari a wurin, da ko suma ba za ta yi ba. Ita tsohuwar, ƙarfin da ta yi a tsaye ne ya sa ta shaƙa da yawa."

An yi jana'izar Kyauta kafin magariba. Hamdiya ba ta ga fitar gawar ba, tana gefen gadon likita riƙe da hannun 'yarta, a gaban kowa, ba kunya ba komai. Wayarta ta salula ta yi ta ruri a ƙullin zane, Nomau ne daga Agadas, ta kasa ɗauka.

Da safe yarinyar ta buɗe ido sosai. Ta dubi rufin ɗakin, ta dubi uwarta, ta nemi ruwa. Ta sha kaɗan.

"Ina Kaka?"

"Tana gida," in ji Hamdiya. Muryar ba tata ba ce.

Latifa ta tsaya tuno wani abu, goshinta a tattare.

"Ta ce in sa hancina a ƙasan ƙofa, za ta samo mini iska. Tana ta tura tsumma, ana maido shi. Tana turawa, ana maidowa. Har ta yi kuka, Umma. Ban taɓa ganin Kaka na kuka ba." Ta juyo da kanta a kan matashi. "Aljanin ne yake maidowa, ko?"

Hamdiya ta sunkuyar da kai. Idonta ya sauka kan ƙafarta ta dama, ga farar ƙasar bakin ƙofa nan a babban yatsan, tun jiya ba ta wanke ba. Yarinyar tana nan tana kallonta, tana jiran amsa.